Falken da Ya Ga Yaya Sale

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau!

Kun san kurkunu ya kwantar da ni har ƙafata ta mutu. Yayana Sale, ɗan kokawar Tamawa, shi ya ɗora ni a hanyar farfaɗo da ita kafin Turawa su tafi da shi aikin diga. Ya ce in fara da tsugunawa da miƙewa ina dafe da bango. In ƙafa ta yi ƙwari, in ƙara da ɗaukar ƙaramin dutse, daga baya damin gero. Tun tafiyarsa ba labari.

Yau da hantsi ina ƙofar gida ina tsugunawa da miƙewa da dami a kafaɗa, sai ga wani falke da jakunansa za shi kasuwar Kurfi. Ya ja ya tsaya!

"Malam, wa ya koya maka dukan ƙasa da tafi kafin ka miƙe?"

Na ce, "Yayana."

"Dogo, mai tabo a haɓa?"

Wallahi dami ya suɓuce!

"Na gan shi wajen Zariya, inda ake shimfiɗa hanyar jirgi. Haka yake sa raunanan ma'aikata suna yi kowace safiya."

Na ƙwala wa Inna kira. Ta fito ko mayafi babu.

"Bawan Allah, ya rame?"

"Kaɗan, Inna."

Ta koma ciki ta ƙullo daddawa da kuka. Falken ya ce shi ba zai koma can ba sai bayan kaka.

Ta ce, "Riƙe dai. Ba sa lalacewa."