Tafin hannu a jikin Ɓauna

Kullum da hantsi, kafin taragon unguwar Muharram Bey ya gama ƙararsa a kwanar layinmu, Midhat Sarwat ya riga ya ɗaga ƙyauren shagonsa na gyaran kwamfuta. Zai ci wakensa a tsaye, ya ajiye shayi inda zai manta da shi, sannan ya juya wa masu kawo gyara baya ya fuskanci jiragensa. Mu da muke wasan yaƙin jiragen sama a intanet tun muna da gashi a ka, mun san da yawa daga jiragen da muke tuƙawa a wannan lungu na Iskandariya aka haife su. Shi yake zana su ƙusa bayan ƙusa, ya aika wa kamfanin wasan kyauta, su kuwa su liƙa sunansa can ƙasa inda ba mai karantawa. Yanzu hannunsa ya fara rawa, ya ce ya ajiye. Wallahi abin ya taɓa ni, ni da har yau ban iya sauke jirgi ba sai na karya masa ƙafa.

Aikinsa na ƙarshe nake so ku ji. Akwai wani jirgin bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu da muke kira Ɓauna saboda nauyin jikinsa. Na cikin wasan samfurin Turai ne, kore shar. Mu kuwa na hamadarmu muke so, mai launin yashi, da matatar rairayi a bakin inji. Mun daɗe muna ƙorafi a baki, Midhat ne ya zauna ya yi.

Yana cikin aikin Ammu Fahim ya shigo, dattijon ƙungiyarmu, ya haura tamanin amma a sama ba ya raga wa kowa. Ya ce mahaifinsa lebura ne a filin da irin waɗannan jirage ke tashi, can ya rasu shi yana goye, ko hotonsa babu. Abin da mahaifiyarsa ta faɗa masa kawai shi ne, leburorin nan kan tsoma hannu a shuɗin fenti su danna kusa da ƙofar jirgi don maganin baki, kamar yadda muke yi wa sabuwar mota. Ya roƙi a sa hannun. A lokacin likita ya riga ya gaya masa idonsa ba zai kai bazara yana gani ba.

Midhat ya sa. Kamfani suka mayar masa, wai in babu shaida wannan datti ne kawai, ya goge a saki jirgin. Mu ma, kunya ta ishe ni, cewa muka yi ya goge mu samu Ɓaunarmu. Ya ƙi.

Sai ya garƙame shago ya hau motar garin Matruh, can bakin hamada. Matarsa Sitt Nawal ta bi shi har bakin titi tana cewa mazan mutane na zuwa Umara, nata ya tafi neman gwangwani. Ya bi rugagen Larabawan hamada, waɗanda tun kakanni suke rufe garke da tarkacen yaƙi. Wani makiyayi ya zaci akuya ya zo saye, har ya fara yaba masa nononta, Midhat kuwa ya durƙusa yana goge ƙofar garken da hannun riga. Ɓallin jirgi ne. A gefensa ga yatsu biyar, shuɗin ya koɗe amma yana nan. Ya ɗauki hoto ya aika, kamfani suka karɓa.

Ranar da aka saki jirgin mun cika shagon. Aka zaunar da Ammu Fahim gaban babban allo, hancinsa kusan yana taɓa gilashin. Bai ko tada inji ba. Midhat ya juyo masa da gefen jirgin, ya matso da hannun har ya kai ainihin girmansa yadda ya auno.

"Ɗana, na babana ne?"

"Ammu, ban sani ba. Na ɗaya daga cikinsu ne."

Dattijon ya ɗora tafinsa a kai, ya daɗe a haka. Can ya ce, "Nawa ya fi shi girma. Ashe yaro ne."



Midhat, kai ne ka tuna cewa jirgi ba ya tashi sai wani ya sha rana a ƙarƙashinsa. Kai ne ka riƙe mu wata da watanni muna zaginka, don wani tsoho ya ga abu ɗaya kafin duhu ya rufe shi. Mun gode, mai zanen Ɓauna. Allah ya sassauta wa hannun nan naka. Ku kuma samarin da za ku gaji kujerarsa, in za ku zana jirgi ku riƙa tambayar su wa suka taɓa shi.

Ammu Fahim ba ya gani yanzu. Amma duk Juma'a bayan masallaci yana zuwa shagon, Midhat ya kama hannunsa da nasa mai rawa, ya ɗora masa daidai wurin.