Butar da Na Zaɓa da Tafin Hannu

Bari in faɗi wautata da bakina kafin wani ya riga ni. Shekara arba'in na yi ina auna goro da tafin hannu, har na ɗauka komai na duniya haka ake auna shi. Allona bai wuce izu biyu ba, boko kuwa ta taga na leƙa shi. Iyakar sanina, goro in ya yi nauyi a hannu zai jure ajiya, in ya yi sakayau ka bar wa mai shi. Da wannan ilimin na tafi sayen buta.

Matata koko take sayarwa a cikin gida, nan unguwar Sabo. Da an sallame asuba kwanukan maƙwabta da na masu okada, wato 'yan acaɓa, sun jeru a zaure. Da wata tsohuwar butar alminiyon take tafasa ruwan damu, duk ta lotse, an liƙe gindinta sau uku. Ran da ta huje karo na huɗu, ruwa ya kashe risho, sai ta ce, "Malam, in ka fita ka samo mini wata. Mara nauyi fa."

Na ji sarai. Na ce a raina, mata ina suka san kaya.

Na hau keke zuwa kasuwar Ogunpa. Wata Bayerabiya mai kayan kicin ta jera mini guda uku. Na ɗaga wannan, na ƙwanƙwasa waccan, ina ɓata fuska kamar mai sayen saniya. Ta ukun ta silba ce, gindi mai kauri, mariƙinta ƙarfe, ba robar da wuta za ta lashe ba. Sai da ta rinjayi hannuna.

"Baba, wannan ta masu gidan abinci ce," in ji matar da 'yar Hausarta. "Mama za ta iya?"

Na ce, "Iya, matata ta fi ƙarfin maza uku. Ni shaida ne."

Muka yi dariya, na rungumo abata.

A gida na dire ta tsakar gida ina cika baki. Matata ta ɗaga ta, babu ko ruwa a ciki, ta mayar a hankali, ta yi murmushi.

Tun daga ranar rabi take cika ta, ta tafasa sau biyu. Ni kuwa na samu abin tsokana: "Hajiya, yanzu har ruwa ake wa rowa?" Daga baya na ga da hannu biyu take ɗauka, na ce ta zama amarya, komai sai da yanga. Daga nan ta daina ɗagawa, ta koma kamfata da moɗa. Shi koko a tashi ɗaya ake sheƙa masa ruwa, in ba haka ba ya yi gudaji. Ya kuwa fara yi. Masu saye suka yi shiru don kunya. Ni kaɗai na yi ƙorafi.

Wata safiya na ji ƙarar ƙarfe a siminti. Na tarar da ita zaune a ƙasa, ruwan zafi na malala gefenta, ta tallafe hannun dama da na hagu. A asibiti suka ce hawan jini ne, ya daɗe yana cin ɓarin jikinta. 'Yarmu da ke aure a Ojoo ce ta gaya mini cewa tun kafin tsohuwar butar ta huje hannun yake mutuwa, uwar ta hana a faɗa mini, wai kada hankalina ya tashi. Ashe sau ɗaya ta faɗa mini da kanta, da kalma biyu, na bar su a ƙofar gida.

Ba ta kai azumi ba. Allah Ya jiƙanta.

Butar tana nan, shekara shida ke nan. Ko tsatsa babu, faɗuwar nan ma ba ta lotsa ta ba. Wajen ƙarko dai ban yi kuskure ba, kowa ya zo sai ya yaba. Kofi ɗaya nake tafasawa a cikinta kowace safiya.

Ran da na kawo ta, na ce wannan butar sai ta shekara ashirin ba ta huje ba. Matata ta dube ni, ta dubi butar. Ina ta nuna wa maƙwabta kaurin gindin, ban ko juyo ba, ta ce:

"To Malam, tunda za ta daɗe haka, ka zo in koya maka kunna risho."