Farfelar Da Na Rataya a Bedin Maman Lawali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran aminina Maman Lawali, makanikin Sabon Gari a nan Maraɗi. An yi masa sutura a Jiratawa, garin haihuwarsa. Ni Ilyasu, direban hanyar Tibiri, da hannuna na taya sa shi a kabari, kuma har yau baƙin cikina a gauraye yake da takaici.

Maman Lawali, duk wanda ya san garejinka ya san itacen bedin da ke ƙofarsa. Jikinsa duk ƙusoshi ne, kowace ƙusa da tarkacen da ka rataya mata. Akwai maganaɗisun da ake ɗaura wa tiyon mai wai don mota ta rage sha. Akwai ɗan akwatin nan mai kyaftawar wuta da ake cusawa a gaban mota wai yana ƙara wa inji ƙarfi. Ka taɓa fasa ɗaya a gabanmu, muka tarar babu komai a ciki sai ƙwan fitila da waya. Duk motar da ta shigo hannunka da irin wannan shirme, sai ka cire shi, ka nuna wa mai ita, ka nemi ya bar maka ka rataya. Ina tuna wani ɗan kasuwar Tibiri da ya dage a kan maganaɗisunsa. Ka dube shi ka ce, "Alhaji, da abin ga na rage sha, da tuni na ɗaura ma ƙanena Gado shi a ciki, mu huta da sayen hura." Alhajin ya yi dariya har da hawaye, ya bar maka shi.

Abin da kake faɗa kullum bai da yawa: a yi juyen mai a kan lokaci, a wanke matatar iska, a canza buji, wato fulogi, idan ya gaji. Da haka ka riƙe tsohuwar motarka, wadda duk Jiratawa suka mayar motar asibiti. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara a gona, tsohon da numfashi ya sarƙe wa, duk ita ke kawo su Maraɗi. Ka ɗauki gyatumata a cikinta ranar da ta faɗi, ka zauna da ni a bakin ɗakin likita har aka sallame mu. Ban taɓa jin an ce motar nan ta tsaya da majinyaci a hanya ba.

Sai da ciwo ya kwantar da kai a gida, makullin motar ya koma hannun Gado. A nan ne wani mai talla ya same shi a tasha da 'yar farfelar roba, wadda ake cusawa a bututun iska, wai tana mayar da tsohon inji sabo. Gado, wanda ya girma a inuwar bedin nan, ya saya ya cusa. Ranar da jikinka ya rikice, aka kwantar da kai a kujerar baya, matarka Tahira na riƙe da kanka. Ba ku yi nisa da Jiratawa ba fiffiken robar ya karye, inji ya haɗiye shi, mota ta shaƙe ta mutu cikin tsakar rana. A bayan babur ɗin kabu-kabu aka ƙarasa da kai asibiti, an matse ka tsakanin mutum biyu kamar buhun gero. Wannan hoton ba ya barin idona.

Ban ce roba ce ta kashe ka ba. Ajali na Allah ne, kuma likita ya ce ciwon ya riga ya ci ƙarfinka. Amma mutumin da ya kai rabin gari asibiti a kwance cikin mutunci bai cancanci irin wannan tafiya ba. Tir da masu ƙera wannan shara, tir da masu yawo da ita tasha-tasha suna rantsuwa da Allah.

Abin da ya ƙarasa tayar mini da zuciya ya faru a zaman makoki. Gado ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya Ilyasu, waccan jabu ce aka ba ni. An ce akwai ta ƙwarai, ta ƙarhe, in an gyara motar sai mu sa." Wallahi da ba don tabarmar da muke kai ba, da na mare shi. Na tashi na aika wa Tahira maganar. Ta aiko da cewa a karɓo mata makulli, motar za ta ci gaba da ɗaukar marasa lafiya, kuma ni zan riƙa duba injin. Gado ya miƙa makullin, kansa a ƙasa.

Mun sauke injin, mun tsince robar. Abin da ya rage na farfelar na kai garejinka, na nemi ƙusa na buga, na rataya shi daidai tsayin ido, inda duk direban da ya shigo zai tambayi labarinsa.

Allah Ya jiƙanka, Maman Lawali, Ya yafe kurakuranka, Ya sa ɗawainiyar da ka yi da marasa lafiya ta tarbe ka a kabari. Ina miƙa ta'aziyya ga Tahira, da 'yarku Khaulat, da mutanen Jiratawa da Sabon Gari, har da Gado, Allah Ya ba shi haƙuri da hankali. Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.