A kwalin Yaya Salifu ba a sayar da mutum

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Salifu, direban babbar motar da ke ɗaukar doya daga Salaga, ta bi ta Yendi zuwa Bawku. An fi tuna shi da wasan yaƙin da ya zana a bayan kwalin sabulu, kuma a kan wasan nan nake da magana, don an taɓo ni.

Runduna biyu ce, aljanun ruwa na Makango, garin bakin ruwa kusa da Salaga, da dodannin duwatsun Bawku. Marafan kwalbar lemo su ne mayaƙa, gyaɗa ce guzuri. Idan ka kewaye marfin abokin karawarka da naka uku, ka kama shi. To, ba ka jefa shi gefe yadda ake yi a dara. Sansaninka za ka kai shi, kowane zagaye ka cire masa ƙwayar gyaɗa daga guzurinka. Ranar da ka kasa ciyar da shi sai ka sake shi, mayaƙinka ɗaya ya raka shi har bakin iyaka. Mai haɗamar kamu, yunwa ke gamawa da rundunarsa. Ni ma haɗama ta sha kayar da ni.

A tashar Yendi direbobi suka yi wa wasan kwaskwarima. Suka zana kasuwa a tsakiyar kwali, ka kai kamammu biyu a ba ka doki. Ina zaune a gaban mota ranar da Yaya ya gani. Wani abokin aikinsa, Fuseini, ya kira shi yadda ake kiran manyan direbobi a tasha, ya ce, "Massa Salifu, wasa ne fa. Marfin kwalba ne kawai."

Yaya ya naɗe kwalinsa ya ce, "Kakata ma a Salaga cewa aka yi kaya ce kawai. An yi mata wanka a rijiya, an shafa mata man kaɗe, an tsayar da ita a kasuwa. A kwalina ba a sayar da mutum."

Wannan magana a gidanmu ba a fitar da ita ƙofa. Shi kuwa ya faɗe ta a tsakiyar tasha. Ranar na ji kunya ƙwarai, yau kuma kunyar da na ji ce take ba ni kunya.

Watan jiya ɗan kawunmu, mai injin buga takardu a Kumasi, ya same ni a Bawku. Yana so ya buga wasan da launi, ya watsa shi shaguna, amma da kasuwar Yendi a ciki. Ya ce, "Sista, yaran yanzu suna son wasa mai sauri. Ciyar da fursuna ɓata lokaci ne." Na ce masa ya sha ruwa ya kama hanya.

Yaya bai ga shekarun da hanyar Yendi ta rufe saboda rikici ba, lokacin da ake tare mota a tambayi mutum ƙabilarsa. Da yana nan, na san ba zai ce yara na bukatar koyon sauri ba. Zai ce su koyi cewa wanda ya faɗo hannunka ya zama nauyi a wuyanka.

Yaya bai bar mana gida ba, motar ma ba tasa ba ce. Wannan doka ita ce gadonsa, Allah ya sa ta tsaya masa a can. Kwalin ya tsufa, ƙila wasan ya bi ni kabari, kuma na yarda da hakan. Jikar wadda aka sayar ce ni, ba zan sa hannu a sake buɗe kasuwar ba, ko da ta kwali ce.