Ranar da Tafiretar Ƙonni ta Tona Asirin Baba Yari

Hantsi na yi za ka ga Baba Yari ya iso rumfarsa a bakin tashar Illela, ya ɗora tafireta kan benci, ya goge ta da ƙyalle. Manoman Araba da masuntan Kalmalo su zauna, kowa ya faɗi abin da yake son a rubuta wa ɗan'uwansa na nesa, shi kuma ya buga. Ba ya duban yatsunsa, mai magana yake fuskanta. In ya gama sai ya zare takardar, ya ɗaga ta kusa da fuska, ya ce, "Ta yi." Mu duka mun ɗauka karantawa yake yi.

Bara tafiretar ta lalace, ɗiyarsa Hadijatu da ke aure a Ƙonni ta aiko masa da wata. Ashe ta Faransa ce, jerin haruffanta ya saɓa da na tamu. Inda yatsa ya saba samun A, can Q ce. Inda M take, waƙafi suka sa.

Ni malamin firamare ne. Ranar da ya fara aiki da ita, ranar kasuwa, na je ya buga mini gayyatar suna. Ya buga, ya ɗaga, ya ce, "Ta yi," ya miƙo mini yana murmushi. Na duba wurin sallama, na ga "Qssqlq,u qlqiku,". Haka har ƙasa.

Na ce, "Baba, ka dai duba ta?"

Ya ce, "Mi anka yi, ɗana?"

Na karanta masa harafi harafi. Ya shafa bakin keken rubutun. Sannan ya faɗa mini a hankali cewa idonsa ya daɗe da tafiya, inuwar mutane kawai yake gani. Shekara da shekaru da yatsu yake ciyar da gidansa, mu kuwa da namu idon garau ba wanda ya lura. Har yau in na tuna sai in riƙe baki.

Na ce zan rufa masa asiri, don in aka ji, wa zai ƙara kawo wa makaho aikin rubutu? Bai ma saurare ni ba. Hankalinsa na kan Ummu, wata dattijuwa daga Araba, wadda ya buga wa wasiƙa da safe zuwa ga ɗanta Mukhtari a Legas, cewa mahaifinsa na kwance, ya taho maza. Ummu ba ta karatu, kuma ta tafi ta ba direban motar Legas wasiƙar.

Baba Yari ya miƙe, ya fito tsakiyar tasha, ya ɗaga murya: "Jama'a, ku nemo mini Ummu ta Araba. Takardar da na buga mata ba ta karantuwa, ni kuwa ban gani ba, don ba ni gani."

Aka samo Ummu, aka karɓo wasiƙar daga hannun direba yana shirin tashi. Baba Yari ya sa na nuna masa haruffan da suka canja wuri, ya ɗiga wa kowanne ƙaro don yatsa ya gane shi, ya sake bugawa. Mukhtari ya iso ya tarar da mahaifinsa da rai.

Ba zan ɓoye ba, da yawa sun daina zuwa rumfar tun daga ranar, kuma abin yana mini ciwo. Ga shi wannan watan Hadijatu za ta zo ta tafi da shi, ya huta.

Baba Yari, mai yatsu masu gani, kai ne ka tsaya gaban jama'a ka sayar da rufin asirinka don saƙon wata tsohuwa ya isa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu riƙe da amanar mutane, ku yi koyi da shi. Ku kuma da kuka guje shi, yana nan a rumfarsa har ƙarshen wata, ku je ku gaishe shi. Zai gane ku da muryarku.