Shan Iska a Hamburg

Ƙanena ne ya ja ni zuwa Jamus, kuma sai da ya zaɓi tsakiyar zafi, lokacin da duk mai tebur a Canal Street ko banɗaki ba ya son zuwa don kada ciniki ya wuce shi. Tabarau nake sayarwa da huluna, in hadari ya taso in fito da laima. Lokacin sanyi a New York zaman jiran rana kawai muke yi, hannu a aljihu, hanci na yoyo. To rana ta fito, baƙi sun cika titi, shi ne yaron nan da na koya wa ɗaura zariyar wando ya bugo waya wai mu zo hutu. Na ce masa hutun me, ciwo nake yi? Mai ɗakina ce ta sa baki. Ta ce tun da aka haifi 'yarmu ba ta taɓa ganin wani daga dangin ubanta ido da ido ba, in ba zan je ba, su za su je. In ta yi irin wannan sanyin muryar na san magana ta ƙare. Na damƙa teburin a hannun wani maƙwabcina ɗan Maraɗi, ina ta ja masa kunne kamar jariri zan bar masa.

'Yar tamu a lokacin ba ta kai shekara goma ba, kuma abu ɗaya ne ke damuna game da ita, bakinta. Tana jin Hausa tas, har habaicin da uwarta ke yi min tana ganewa ta yi murmushi. Amma ka yi mata magana da Hausa, ta mayar maka da Turanci, Turancin ma irin na hanci. Na yi faɗa, na yi lallashi. Na taɓa rantsewa ba zan ƙara amsa mata ba sai ta yi yaren ubanta, ta ɗaga kafaɗa ta koma wajen uwarta abinta. Burina bai wuce wata rana ta dube ni ta faɗa min magana guda cikakkiya da Hausa ba. Ni, ba wani ba.

Muka sauka a Hamburg. Ƙanen nawa gyaran injuna yake yi a wani kamfani, kuma tun kafin la'asar sai ka ji mukullinsa a ƙofa. Ranar farko na zaci korarsa aka yi. Ya yi wanka, ya sa wata riga mai gajeren hannu, ya ɗauko tabarma da filas ɗin shayi ya ce a tashi mu je shan iska. Na ce iskar da ke shigowa ta taga fa, ta ƙare ne? Ya yi dariya ya ɗauki jaririnsa ya sa a keken turawa, matarsa da mai ɗakina suka biyo baya. Haka kullum. Rana a can ba ta faɗuwa sai ta ga dama, ga wuni dogo kamar an haɗa biyu, su kuma ba su san abin da za su yi da shi ba sai zama a ciyawa.

Wurin dai yana da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tafki ne babba a tsakiyar gari, an kewaye shi da lambuna, ciyawa kore shar, bishiyoyi manya masu inuwar da za ka yi barci ba ka shirya ba. Ga agwagi, ga wasu fararen tsuntsaye masu dogon wuya suna yawo a ruwa da isa. Tsofaffi na tafe riƙe da hannun juna. Wasu na gasa nama a ɗan ƙaramin murhu, wasu sun tuɓe sun kwanta suna gasa fatarsu, na yi ta kawar da kai har wuyana ya gaji. Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, jama'a ga su nan ba iyaka, rana na dukansu suna ƙanƙance ido, kuma ko mai talla ɗaya babu. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na ce wa ƙanena da na zo da kwali biyu na tabarau, kafin shayin nan ya huce na karkaɗe hannu.

"Yaya, nan ba saye aka zo yi ba," in ji shi, ya jawo hula ya rufe fuska.

Kishi na yi, ba na ɓoyewa. Ba gidansa ne ya tsone min ido ba, haya yake yi kamar ni, motarsa ma tsohuwa ce. Wannan kwanciyar ce ta tsaya min a wuya. Mutum ya miƙe ƙafa da rana tsaka, wayarsa na can cikin jakar matarsa bai ko tambaye ta ba. Ni kuwa ina zaune a gefen tabarma, rabin jikina a Jamus rabi a Canal Street, ina ta aika wa ɗan Maraɗi saƙo ko ya fito da hulunan yara. Ranar Lahadi har kantuna suke rufewa, gari guda ya haɗa baki ya ƙi neman na kansa. Na ce wannan ai ƙauye ne mai fitilu, a New York wanda ya kwanta haka sai dai a ɗauke shi da motar asibiti. Ƙanena ya ce haka ne, Yaya. Komai na faɗa sai ya ce haka ne, abin ya ƙara ƙona min rai.

Yarinyar kuwa ta liƙe masa tun kwana na biyu. Ya aro mata keke wajen maƙwabta, ashe ba ta iya ba. Ban san ba ta iya keke ba. Ya riƙe mata sirdi ta baya yana bin ta da gudu a kan wata 'yar hanya da ke bin gefen ruwa, yana ta surutu da Hausa, ki dubi gaba, kar ki dubi ƙafarki, taka, taka. Ina zaune da kofin shayi a hannu sai na ji wata murya ta tsaga lambun.

"Baffa, kar ka sake ni! Wallahi zan faɗi!"

Na waiga ina neman 'yar wane ce. Tawa ce. Har da wallahi. Mai ɗakina ta dafa ƙirji tana dariya tana cewa ka ji, ka ji. Na ji mana, ai ba kurma ba ne ni. Shekara nawa ina roƙon wannan bakin ya buɗe, sai ga shi ya buɗe wa wanda ta sani shekaranjiya. Kuma ba don ba ya jin Turanci ba, ya fi ni ji nesa ba kusa ba. Da suka dawo tana haki, gwiwarta duk ciyawa, na miƙa mata gora na tambaye ta da Hausa ko za ta sha ruwa. Ta karɓa, ta yi min godiya da Turanci, ta juya wajensa ta ce Baffa a sake.

Sauran kwanakin haka na yi su ina kallo. Hausarta na ta ɓarkowa, karyayya amma tana tafiya, kuma duk a gefensa. Ita ce ma ke fara ɗauko tabarma tana cewa lokacin shan iska ya yi. Ranar da za mu taho ta yi kuka a filin jirgi har da shessheƙa. Ni kuwa na rungume shi na ce Allah ya bar zumunci, raina fes don za mu rabu.

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki aka yi suna a gidan wani abokina a Harlem, kusa da titin nan na 116 inda muke sayen gero da daddawa. Falon ya cika, mutanen Nijar, 'yan zangon Ghana, da mu 'yan Najeriya. Wata dattijuwa 'yar Damagaram da ke son tsokanar yara ta jawo 'yata ta ce ta ji an je Jamus, yaya aka baro Baffa. Kowa ya san yarinyar ba ta amsawa da Hausa, don haka ba wanda ya kasa kunne. Sai ta gyara tsayuwa ta ce da ƙarfi:

"Baffana babban ɗan iska ne."

Falon ya fashe da dariya. Wani har shinkafa ta sarƙe shi. Mai ɗakina ta zabura ta toshe mata baki tana salati. Ni ne na fi kowa dariya, har hawaye, kuma wallahi daɗi na ji har cikin ƙashina. A raina na ce madalla, ga ladan koyarwarka nan, malam mai tabarma. Har na fara tsara yadda zan ba shi labari a waya. Dattijuwar ta share ido da gefen mayafi ta ce to babanki fa? Yarinyar ta zame hannun uwarta, ta dube ni sama da ƙasa, ba wasa a fuskarta.

"Baba ba ɗan iska ba ne. Ko sau ɗaya."

Aka hau masha Allah, ana cewa 'ya ta shaidi ubanta, wani na bubbuga min kafaɗa. Wannan "ko sau ɗaya" ɗin ne ya tsinke min dariya. A hanyar gida na tambaye ta me take nufi, ta yi min bayani da Turanci, a natse, kamar mai koya wa ƙaramin yaro. Mai zuwa kasuwa ɗan kasuwa ne, mai zuwa makaranta ɗan makaranta, mai buga ƙwallo ɗan ƙwallo. To mai kai mutane shan iska fa? Lissafinta bai ɓace ko'ina ba. Yabon ƙanena ta yi a gaban jama'a da mafi girman kalmar da ta iya ƙerawa, ni kuma ta faɗi abin da ta sani. Na ce mata kalmar zagi ce, kar in ƙara jin ta a bakinta, kuma na faɗa da zafin da ya fi laifin. Ta ba ni haƙuri, da Turanci. Ban ba ƙanena labarin ba har yau.

Abin ya yi ta cina. Wata Lahadi kafin zafi ya wuce, gari ya waye tangaran, irin ranar da tabarau ke sayar da kansa. Na riga na ɗaure kaya na ajiye a bakin ƙofa. Na tsaya ina kallon jakunkunan, sannan na ture su gefe da ƙafa. Ai mu ma muna da lambu a garin nan, wanda ya ninka nasu, har da tafki da agwagin. Na ɗauko dardumar salla tunda ba mu da tabarma, na sa mai ɗakina ta zuba shayi a filas tana kallona. Na leƙa ɗakin yarinyar. Tana kwance rub da ciki, ta jingina wayar uwarta da filo tana jira. Na gyara murya na ce ta tashi mu je shan iska.

Ta ɗago ta dubi dardumar, ta dubi filas ɗin, ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, tausayi ma na gani.

"A'a Baba, ka je abinka, kar ka makara. Yanzu Baffa zai kira ni daga bakin ruwa, zai nuna min agwagin sun yi 'ya'ya."

Ita ce magana ta farko cikakkiya da ta taɓa yi min da Hausa. Ba kuskure ko ɗaya a ciki, har yadda take jan ƙarshen kalma irin nasa ne. Ina nan tsaye wayar ta yi ƙara, na ji muryar ƙanena yana cewa ina 'yar Baffa, ita kuma tana ƙyalƙyala dariya. Na mayar da dardumar inda take, na saɓa jakunkunan na sauka na kama jirgin ƙasa. Ranar an yi ciniki sosai.