Tarin Motar Alhaji Mubarak

Oluchi ta tashi ne a garejin mahaifinta, Oga Ernest, a Kakuri. Shi Oga Ernest ba ya buɗe bonet sai ya fara sauraron inji, kuma a nan kunnen 'yarsa ya buɗe. Kafin ta gama sakandare, tana iya gane ciwon mota tun daga kwana. Ya riga ya gaya wa kowa ita za ta gaji garejin.

Amma a cocinsu na Sabon Tasha akwai Madam Janet, shugabar mawaƙa, wadda ta koya mata fiyano da rubuta kiɗa a takarda. Shekara huɗu ana haka, har Oluchi ta tsara kiɗanta na farko, na fiyano da gogen Turawa biyu, ba waƙa, ba ganga. Wata jami'a ta ji, ta ba ta gurbi. Saura yardar uba.

Ta kunna masa kiɗan a waya, ranar da Alhaji Mubarak ya kawo tsohuwar motarsa, kamar yadda ya saba duk Litinin.

Oga Ernest ya rufe ido, ya karkata kai. Can ya ce, "Alhaji, ai motarka ce wannan, kafin mu canja mata fulogi."

Alhaji ya ce, "Oga, mutunci fa. A waya ma sai an tona mata asiri?"

Oluchi ta sunkuyar da kai. "Ita ce, Papa."

Ta ɗauka maganar makaranta ta ƙare. Wanda ya iya ɗauko inji ya zuba a goge, ai ba a sakinsa daga gareji.

Uban ya sa ta maimaita, ya daɗe yana goge hannu da tsumma, ko da yake hannun ba datti. Ya ce, "Tari uku motar take yi kafin ta tashi. Ke kin sa biyu. Mai irin wannan kunnen ba zan bar masa garejina ya kashe min kwastomomi ba. Tafi makarantar."

Alhaji Mubarak, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana jin tari biyu kowace safiya, ya buɗe baki zai yi gyara. Ya dubi Oga Ernest, sai ya tambayi ko an ga makullinsa.

Makullin yana hannun shi Alhajin.